Faɗuwar Katantanwa

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da zaman tsakiyar duwatsu. Yaya idon naka? Mama ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana ɗage gilashin walda in zafi ya ishe ka. Ta ce in ka makance kada ka doso mata gida da sanda, ta gaji da renonka tun kana yaro. Mu nan lafiya lau, sai bayanta da ke damunta saboda zaman keken ɗinki, ga taurin kai irin na danginku, ba ta hutawa. Ni ma ina nan a gidan burodi, in fita da garin fulawa a gira, in dawo da shi a gira.

Tunda waya ba ta shiga can wajen madatsar ruwan da kuke ginawa, na ba direban da ke kai muku kayan abinci wannan takarda. Ka zauna kafin ka karanta sauran.

Kawu, za a yi bikin rawar hip-hop a garin nan. Biki na gaske, yini guda cur, kuma ka san a ina? A filin tsohuwar tashar mota, daidai inda kuke shimfiɗa kwali kuna juyi a ka, masu lodi suna koro ku da tsintsiya. Yanzu hukuma ce da kanta ta ba da filin. Za a kafa dandamali, a shimfiɗa leda sabuwa fil, a kawo lasifikokin da suka fi ni tsawo. Akwai masu juya faifai, akwai masu kiɗa da baki, akwai masu tsalle da allo mai taya. Ƙungiyarmu ta samu shiga karawa, kuma ni aka zaɓa in fita ta ƙarshe. Da aka faɗa mini sai da na shige ɗakin ajiyar buhuna na yi ihu ni kaɗai.

Amma akwai abin da ya ɓata mini rai. Masu fenti sun zana fuskokin waɗanda suka fara rawar nan a jikin katangar tasha. Abokinka Ƙusa na tsakiya, kansa ya kai tayar babbar mota, shi ne kuma babban alƙalin karawar. Na bi katangar daga farko har ƙarshe, na dawo, ban gan ka ba. Na tambayi mai fentin ina hoton Kawuna Katantanwa, sai ya ce bai taɓa jin sunan ba. Kawu, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ba mugunta ya yi ba, lokacin da ka bar gari neman aiki shi bai daina tsotson yatsa ba.

To ga shawarata. Ka san ƙa'idar da ku kuka kafa, har yau ba wanda ya taɓa ta: salon mutum nasa ne. Wanda ya yi salon wani a karawa ba da izini ba, ɓarawo ne, a fitar da shi daga da'ira shi da ƙungiyarsa. Wanda kuwa mai salo ya ba shi, sai a tsayar da kiɗa, mai makirufo ya kira sunan mai salon, kowa ya tafa masa, ko yana nan ko ba ya nan. Ina so ka ba ni Faɗuwar Katantanwa.

Na iya ta, wallahi na iya. Tun ina ƙarama nake kallonka kana yi a tsakar gidanmu, ga kuma tsohon bidiyonka a wayar Mama, na kalle shi har na san inda mai ɗaukar ya yi tari. In juya a ka, in saki hannu, in bari gudun ya ragu kamar katantanwar da yara ke murzawa in ta gaji, sannan in zube a kafaɗar dama, in mirgine, in yi mutuwar kasko, hula a fuska. Kullum ina gwadawa a bayan gidan burodi a kan kwalayen bota. Kafaɗar ta yi baƙi, ba na iya kwanciya a kanta, amma wannan ba komai ba ne.

Ka rubuto kawai ka ce "na ba ki," in kai wa Ƙusa ya gani. Ina so filin nan gaba ɗaya ya ji sunanka a lasifika.

'Yarka,
Mazari

*

Mazari 'yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, ido garau, ki gaya wa Yaya sandar sai ta jira. Ki ce mata ta sa matashi a bayan kujerar keken, ko da yake na san ba ji za ta yi ba.

A tsaye nake rubuta wannan a kan bonet, direba na ta danna mini ham kamar gobara ta tashi.

Biki a tasharmu! Na karanta wa abokan aikina wurin, baki har kunne. Mai tuƙa katafila ya dubi tumbina ya ce wai ni ne na taɓa juyi a ka, na ce ya je ya tambayi simintin tasha. Kuma ke ce ta ƙarshe a ƙungiyarku. Ba a ajiye kowa a ƙarshe sai wanda aka dogara da shi. Na ji daɗi har cikin raina, 'yata.

Zancen katanga kada ya hana ki barci. Fenti ne, ruwan sama zai wanke Ƙusa da ƙaton kansa.

Amma Faɗuwar Katantanwa kam ban ba ki ba. Kada ki yi ta a biki, kada ki ƙara yin ta a bayan gidan burodi, daga yau. Ba irin abin da ake bar wa 'ya ba ne. Bayanin da tsawo, ga shi mutumin nan ya fara jan mota. Zan rubuto a natse a zuwansa na gaba.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Mama ta sa matashin, ta ce ba don kai ka faɗa ba.

Na karanta takardarka a bakin kanta, mai sayen burodi na tsaye yana jira, na sake karantawa a ɗakin buhuna ko idona ne ya yi mini gizo. Bai yi ba. "Ba irin abin da ake bar wa 'ya ba ne." Wato da ɗa ne, da ka bar masa ke nan? In don ni mace ce, ka fito fili ka faɗa. Na saba jin haka daga bakin mutane, ban dai taɓa zaton zan ji daga naka ba.

Kai ne fa ka fara ɗaga ƙafafuna sama ka jingina ni da bango tun ban kai tsawon teburin keke ba, Mama na ihu za ka karya mata yarinya. Kai ka ba ni hularka mai soso a ciki, wadda har yau da ita nake juyi. Kai ka sa mini Mazari. Ashe duk wasan yara ne, da aka zo kan abu mai daraja sai ka dunƙule hannu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na riga na cika baki. Na gaya wa 'yan ƙungiyarmu. Har shagon Ƙusa na je inda yake gyaran lasifika, na ce masa ya shirya, Kawuna zai ba ni Faɗuwa. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce, "In ya ba ki, ki kawo in gani da idona." Sai ya yi wata 'yar dariya ya ci gaba da aiki. A lokacin na zaci hassada ce. Yanzu na gane ya fi ni sanin halinka.

Ni ba don kaina na nema ba. Ina da salona, ba su da yawa amma nawa ne. Don kai na nema, don kada a yi biki a filin da ka share da bayanka, a tashi ba wanda ya ambace ka. Kai kuma ka ce fenti ne.

Ranar biki zan shiga da'ira da kaina a ƙasa, ka so ko ka ƙi. Abin da zai biyo baya kuma, ni da kafaɗata ne.

Mazari

*

Kawu,

Ina fatan kana lafiya, kuma da gaske nake, don shirun ya yi yawa. Na je inda motarku ke lodi, maigadi ya ce ta tafi ba ta dawo ba, bai san komai ba. Na bar wannan a hannunsa.

In fushi kake yi, na ji. Na san bakina ya yi kaifi. Amma bayanin da ka ce zai zo a natse bai zo ba, biki kuwa ya matso, an riga an kafa ƙarafan dandamali.

Na yi tunani, ga inda na tsaya. Ba zan yi maka sata ba. Ba a haife ni in zama ɓarauniyar salo ba, balle in ja wa ƙungiyarmu kora. Juyi a ka na kowa ne, zan yi abina. Faɗuwarka kuwa na cire ta daga rawata, ka riƙe kayanka. Abin da na sa a gurbinta ba zan faɗa maka ba, tunda ka iya rowa ni ma na koya. Sunanka dai ba za a kira ba, kuma kai ka zaɓi haka. Ina rubuta wannan raina na ciwo.

Mama ta ƙwace biron.

Kai, Yayarka ce. Me ka rubuto wa yarinyar nan? Ta ɗauke hotonka daga kan talabijin ta kife shi, sannan kullum da safe sai ta goge masa ƙura a kifen. Abinci sai na yi da gaske take ci. Ta dawo da kwalayenta tsakar gida tana wani sabon tsalle, ta fasa mini bokiti, ta kusa tafiya da igiyar shanya. Ni ga shi an jibge mini ɗinkin rigunan ƙungiyarsu, kowane yaro na son aljihu a inda ba a sa aljihu. Ni na raine ka, na san ba ka da rowa, ko rigar jikinka aka yaba sai ka tuɓe. To ka buɗe baki ka yi magana kamar mutum. In kuma ba ka da lafiya ne, ka aiko a faɗa mini, kada in ji a bakin direba.

*

'Yata Mazari,

Ina gaishe ki, ina gaida Yaya. Lafiyata ƙalau, hankalina ne ba a kwance ba. Motar da ta kawo takardarki mai zafi ita ce ta ƙarshe da ta shigo. Washegari ruwa ya tafi da kadarkon da ke haɗa mu da duniya, direban ma yana nan tare da mu yana cin abincin da ya kawo. Na hau dutsen da ake cewa waya na shiga, na ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa, ko ɗigo. Ban san ranar da wannan za ta iso ki ba. Kalmarki ta ƙarshe, ke da kafaɗarki, ita ke hana ni sukuni.

Zancen mace ki ajiye shi gefe. Da ɗa ne ya tambaya, da amsar ɗaya ce, sai dai shi zan haɗa masa da ranƙwashi. Ga abin da ham ɗin direba ya hana ni faɗa.

Faɗuwar Katantanwa ba salo ba ce, 'yata. Faɗuwa ce.

A lokacin ina neman wani abu da ba wanda ya taɓa yi a tasha. Ina so in juya a ka, in saki hannu, in gudun ya ragu sai in naɗe gwiwa in dira a kan ƙafafuna, tsaye cak, ba tare da hannu ya taɓa ƙasa ba. Na yi watanni ina nema a bayan shagon su Ƙusa, shi yana tare ni in na kauce. Ban taɓa samu ba. Sai aka zo babbar karawa, ni da shi muka rage a da'ira, tasha ta cika har kan motoci. Ƙuruciya ta ɗebe ni na ce yau ko ni ko shi. Na naɗe gwiwa, wuya ya zame, na zube a kafaɗa kamar buhun siminti. Zafin ya hana ni motsi, hula ta faɗo mini a fuska, na kwanta a ƙarƙashinta ina jin kunya ina jiran dariya.

Sai na ji tasha ta ɗauka. Ihu, tafi, masu lodin da ke korar mu har da buga jikin mota. Sun zaci da gangan na yi. Ni kuwa ban ce musu a'a ba, wa zai ce? Na tashi na kaɗe riga kamar na shekara ina shirya ta. Ƙusa kaɗai ya san gaskiya, ya zo ya ɗaga hannuna yana dariya har da hawaye, hannun da ke ciwon kuwa ya ɗaga, mugu.

Daga ranar duk inda na shiga da'ira sai a ce Faɗuwa, ni kuma in ba su. Ban yi da-na-sani ba, na ji daɗin zamanina, kuma na iya faɗuwar nan fiye da kowa. Amma shekara da shekaru ina jefa kaina a kafaɗa ɗaya. Yau hannuna na dama ba ya wuce kunnena. In walda ta sama ce, da hagu nake yi. Riga a zaune nake sa ta, a hankali, kamar tsoho. Yaya na zaton ƙarfe ne ya taɓa faɗo mini a wurin aiki, na bar ta a haka don kada ta ce ai ta faɗa.

Da na karanta cewa kafaɗarki ta yi baƙi, sai da na dafe tawa. Wannan kike so in sa hannu in ba ki? Gara a manta da sunana a tasha, a manta da shi a garin gaba ɗaya, da ki kai shekaruna kina sa riga a zaune.

Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki yi shi da kafaɗa biyu.

Kawunki, ko kin sa 'yarka a ƙasan takarda ko ba ki sa ba

*

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida kafaɗarka. Takardarka ta iso bayan an gama biki an kwashe leda. Na karanta ta a tsakar gida, na yi kuka, na yi dariya, na koma na yi kuka. Mama ta karɓa ta karanta, ta ce, "Ai na faɗa." Ka yafe mini abin da na rubuta. Kafaɗata lafiya lau, baƙin ma ya washe. Yanzu gyara zama, don ba ka san abin da ya faru ba.

Kawu, da ka ga tasha! Tun hantsi fili ya cika, har kan rufin tsofaffin rumfuna. Masu juya faifai suna gefe suna karce kiɗa, ƙasa na rawa a tafin ƙafa. Wata yarinya mai kiɗa da baki ta yi ganga da jiniya a lokaci ɗaya, mutane suna leƙa bayanta ko ta ɓoye rediyo. Masu fenti na ta fesa sabon zane a jikin wata matacciyar bas. Tsofaffin masu lodi sun zo da jikokinsu a kafaɗa, wani ma yana ba da labari wai su ne suka riƙa ba ku kwali. Mama ta zo da kujerarta da lema, ta ɗora hular ƙungiyarmu a kan ɗankwali, duk wanda ya tare mata gani sai ta zungure shi.

Mun yi ta haurawa har muka kai karawar ƙarshe da 'yan bayan layin dogo. Na ƙarshensu wani dogo ne da ake kira Ƙugiya, gwani ne, ba zan rage masa ba. Ya gama nasa ya zo gabana yana kwaikwayon kwaɓa fulawa, mutane suka kwashe da dariya. Na kaɗe masa garin da ke kafaɗata, na shiga.

Na yi 'yan takuna, na sauka ƙasa, na hau kai. Da na saki hannu gudun ya fara raguwa, sai na ji manya daga baya suna ihu, "Faɗuwa! Faɗuwa!" Su kuma 'yan layin dogo suka fara haɗa hannuwa kamar bakin kada, alamar nan ta an yi sata. Duniya na juya mini a kife, amma ina ganinsu.

To ga abin da na ƙi faɗa maka, wanda ya ci bokitin Mama. Da ka hana ni, haushi ya sa na ce, tunda faɗuwar tasa ce, ni ba zan faɗi ba, tashi zan yi, ya ji a can cikin duwatsu. Na naɗe gwiwa, na tattara duk abin da ke jikina, na dira a kan ƙafafuna. Tsaye cak. Hannu bai taɓa ƙasa ba. Hularka ta tuɓe, na cafe ta a iska.

A filin ba wanda ya san me zai kira abin. Sai na ga Ƙusa ya miƙe har kujerarsa ta kife, ya ɗaga hannu aka kashe kiɗa, ya karɓe makirufo. Na ce shi ke nan, kora ce.

Ya ce, "Ke, wa ya koya miki wannan?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Kawuna ne ya hana ni faɗuwarsa, shi ne na ji haushi na tashi."

Kawu, mutumin nan da furfurarsa ya zauna daɓas a kan leda yana dariya, makirufo na ɗauka. Da ya samu numfashi ya miƙe ya juya wajen jama'a. Ya ce, "Yara, ku saurara. Akwai wani mutum da ake kira Katantanwa. Abin nan da kuka gani yanzu, shi ya fara nemansa a garin nan, a kan kwali, ni ina tare shi. Bai same shi ba. Abin da ya tsinta a hanya ma ya ishe mu kallo shekara da shekaru. Yau 'yarsa ta ƙarasa masa, kuma ba ta ma san ta yi ba. Wannan ba sata ba ce, ku sauke hannuwanku. Ku tafa wa Katantanwa!"

Suka tafa, Kawu. Suka kira sunanka, gefe ɗaya ya ce Katan, ɗaya gefen ya amsa tanwa, har masu lodi suna buga jikin matacciyar bas ɗin nan. Ƙugiya ne ya fara zuwa ya ba ni hannu. Mama ta yar da lema tana gaya wa duk wanda ke kusa, "Ƙanina ne, ni na raine shi, wannan kuma ni na haife ta." Ni dai ina tsaye da hula a hannu, ban gane rabin maganar Ƙusa ba sai da takardarka ta zo. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Kofin dai 'yan layin dogo suka ɗauka, don ɗaya daga cikinmu ya zame a zagayen farko. Ya tafi lafiya, sun cancanta. Mai fentin nan kuwa ya biyo mu har gida yana sosa ƙeya, wai ko akwai hotonka. Mama ta ɗauko na kan talabijin, ta ce masa ya yi haƙuri, ya ɗan sha kifewa. Yanzu kana katanga kusa da Ƙusa. Na tsaya a kansa sai da ya yi kanka daidai da na Ƙusa.

'Yarka, 'yarka, 'yarka,
Mazari

*

Mazari,

Wa alaikumus salam. An gyara kadarko, takardunki biyu suka zo tare. Na fara da ta fushin, na sha faɗan Yaya, sannan na buɗe ɗayar. Da na kai inda kika dira a ƙafa sai na sauke gilashin walda a fuskata, ba kuma walda nake yi ba. Mai katafila ya tambaye ni lafiya, na ce hayaƙi ne.

Tsaye cak, hannu bai taɓa ƙasa ba. Na maimaita wurin nan har abokan aikina sun haddace. Na nemi abin nan da ƙarfina duka lokacin ina da wuya kamar turmi, ya ƙi ni. Ashe jira yake a haifi mai shi, a kuma ba ta haushi. Da na san haka ne, da tun kina ƙarama nake hana ki abubuwa. Katanga da tafi na gode, sun yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma abin da nake faɗa wa mutane a nan ba wai an kira sunana ba ne. Cewa nake 'yata ta tashi.

Salon naki ne, ki sa masa suna da kanki, kada ki bari Ƙusa ya raɗa masa.

Yanzu ga wata magana, kada Yaya ta gani. Ranar hutu na samo kwali a bayan ɗakin girki, na naɗe tawul a ka. Na ce bari in ji ko jikin ya tuna. Juyin ya zo, ba laifi. Na naɗe gwiwa. Abin da ya biyo baya dai, mazaunaina ne suka karɓa, kuma ma'aikata sun tafa sosai. Da alama ni tafin faɗuwa aka rubuta mini.

To ni na kafa ƙa'ida, ba zan karya ta ba. Ina neman izini a wurin mai salo, da ladabi. Ki ba ni in ci gaba da gwadawa.

Kawunki,
Katantanwa

*

Kawu,

Muna lafiya. Mama ta gani, ta ce za ku haɗu.

Ban ba ka ba. Kada ka yi shi a bayan ɗakin girki, kada ka yi shi ko'ina, daga yau. Ba irin abin da ake bar wa kawu ba ne.

Ka zo hutu. Na shimfiɗa kwali a tsakar gida, na ajiye maka kujera kusa da ta Mama. Ka zauna da kafaɗarka ka kalla, zan yi maka shi har sai ka ce ya isa.

'Yarka,
Mazari